Tambaya da Amsa: Neman Ajiya da GPS a Kan Keke a Karkarar Damagaram

Wasiƙun wannan wata yawancinsu kan abu ɗaya suka zo: wasan nan da wani zai ɓoye ƴar roba a wani wuri, ya ba da lambobin wurin, wasu su hau keke su nemo ta da GPS, wato tsarin da ke nuna wa mutum inda yake ta waya ko na'ura. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina jin abokai a jami'a suna maganar Geocaching. Dukiya ake nema? Kuma ba caca ba ce? Daga wani ɗalibi, unguwar Karkada.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu dukiya a ciki, babu caca, domin ba a zuba kuɗi, ba a cin na kowa. Abin da ke cikin robar takarda ce da fensir. Wanda ya gano ta sai ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya rufe, ya mayar da ita daidai yadda ya same ta. In robar babba ce akan sa ƴan tarkace irin su maɓalli ko abin rataye makulli. Ka ɗauki ɗaya, ka ajiye wani da ya kai shi daraja ko ya fi shi.

Wasan ya faro ne a Amurka. Kafin watan Mayu na 2000 gwamnatin ƙasar da gangan take dagula saƙon GPS da farar hula ke samu, har kuskuren yakan kai mita 100. Ranar 2 ga Mayu aka cire wannan takunkumi. Washegari wani mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sa lambobin wurin a intanet don a gwada ko na'ura za ta kai mutum. Ta kai. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin geocaching.com, kuma yau akwai ajiya fiye da miliyan 3 a ƙasashe sama da 190. A ƙasashenmu na Sahel ƙalilan ne, saboda haka mai son wasan a Damagaram sai ya zama mai ɓoyewa kafin ya zama mai nema. Buɗe asusu a shafin kyauta ne. Ba ma dole sai da shi ba: ku goma za ku iya tura wa juna lambobi ta WhatsApp ku yi wasanku. Amma ko da haka muna ba da shawarar ku bi ƙa'idojin shafin, don wahala ce ta koya wa mutane su.

TAMBAYA: Sau da yawa nakan iso wurin, waya ta ce saura mita 4, in matsa sai ta ce saura mita 9, kibiyar tana ta juyi. Wata rana kuma ta nuna mini wuri can hanyar Magarya alhali abokina a bayan gari ya ajiye. Wayar ce ta lalace, ko rashin kuɗin intanet ne? Daga wani malamin makaranta, Sabon Gari.

AMSA: Malam, wayarka lafiyarta ƙalau, kuma GPS ba ya cin kuɗin intanet. Saƙo yake karɓa kai tsaye daga taurarin ɗan'adam da ke nisan kilomita 20,200 a sama, kuma yana bukatar aƙalla huɗu kafin ya faɗi inda kake. Taswira ce ke son intanet, ita kuwa ana sauke ta tun a gida. Manhajoji irin su OsmAnd ko Organic Maps suna ajiye taswirar Nijar a cikin waya, c:geo kuma, wadda kyauta ce a wayoyin Android, tana ajiye lambobin ajiyoyin da bayanansu.

Matsalarka ta farko ba matsala ba ce, iyakar na'urar ke nan. A fili, ƙarƙashin buɗaɗɗen sama, waya takan yi kuskuren mita 3 zuwa 5. Wayar mai ɓoyewa ita ma ta yi nata kuskuren ranar da ya ɗauki lambobin. In an haɗa biyun, ajiyar tana iya kasancewa ko'ina cikin mita 10 daga inda kake tsaye. Duwatsunmu na Birni da na kewayen gari suna ƙara dagula lamarin: saƙon yakan bugi dutse ya dawo, ya iso wayar a makare, ita kuma ta ɗauka kana wani wuri dabam. Rufin kwano da doguwar katanga haka suke yi. Juyin kibiya kuwa yawanci ƙarfen keke ne ke jawo shi, ko maganaɗisun da ke jikin gidan wayar. Ka jingine keken, ka matsa taku biyar, ka juya wayar a iska kamar kana zana lamba 8 har sau uku. Da ta ce saura mita 10, sa ta aljihu. Daga nan ido ke aiki: ina ne dutse ya zauna inda bai kamata ba, ina ne aka tara ƙirare a gindin itace, wane rami ne hannu zai shiga.

Ta biyun ita ce ta fi yawan ɓatar da mutane, kuma laifin rubutu ne. Ana rubuta lambobin wuri iri uku. Shafin wasan yana amfani da digiri da minti, misali N 13° 48.500. In ka kwafe shi a matsayin 13.48500 cikin manhajar da ke karɓar digiri zalla, ka sauka kusan kilomita 36 kudu da inda ake nufi, domin minti 48.5 daidai yake da digiri 0.808, ba 0.485 ba. Abin da ya tura ka hanyar Magarya ke nan. In kuma ka karanta shi a matsayin minti 48 da sakan 50, ka kauce da fiye da mita 600, tunda sakan ɗaya mita 31 ne kusan. Ku daidaita wayoyinku duka kan tsari ɗaya, kan ma'aunin taswira na WGS84 da GPS ke amfani da shi, kafin ku fita. Ka riƙe wannan ma: lamba ta ƙarshe a tsarin minti, wato 0.001, ba ta kai mita 2 a ƙasa ba. Kuskure a cikinta ba ya hana samu. Kuskure a lamba ta farko bayan ɗigo kuwa mita 185 ne.

Ga mai ɓoyewa: kada ka ɗauki lambobi da isowarka. Ka bar wayar ta zauna minti biyu, ka rubuta, ka yi tafiyar taku talatin ka dawo ta wata kusurwa, ka sake rubutawa. Ka yi haka sau biyar, ka zubar da wanda ya yi nisa da sauran, ka ɗauki tsaka-tsakin ragowar.

TAMBAYA: Mahaifinmu yana da tsohon kanti a wani ƙauye, ginin ƙasa tun zamanin cinikin gyaɗa, har yanzu ana sayar da sukari da sabulu da ashana a ciki. Hanyar da muke bi da keke tana wucewa ta gabansa. Ina so in ɓoye ajiya a jikin ginin don mutane su san shi. Yaya zan yi? Daga wani matashi, Zango.

AMSA: Madalla da wannan niyya, ɗan'uwa. Irin wannan wuri shi ne ya cancanci a kai mutane, domin tsofaffin kantunan da suka ga zamanin da gyaɗar Magarya da Matamai ke cika buhuna suna rushewa ɗaya bayan ɗaya. Amma kada ka sa komai a jikin ginin. Mai nema ba ya tsayawa a kallo: zai zura yatsa a tsaga, ya ja azara, ya taɓa indararo, ya ɓamɓare yaɓe. Mutum talatin suka yi haka, damina ɗaya ta isa ta buɗe tsagar ta zama rami. Haka muke gaya wa masu sha'awar gidajen Birni da na Zango masu zane a fuska: a kalla, a yaba, a ajiye robar a nesa.

Hanyar da ta fi ita ce ajiya mai zango biyu. Lambobin da za ka ba mutane su kai su ƙofar kantin. A can su tattara amsar abin da ido ke gani daga waje: ƙofa nawa ce a fuskar ginin, indararo nawa, ginshiƙi nawa ne a rumfar, ko lambar ƙarshe ta shekarar da aka rubuta a saman ƙofa in akwai. Waɗannan amsoshi su ne za su cike guraben lambobin zango na biyu, inda robar take, mita 200 ko 300 daga nan, a gindin dutse ko a cikin reshen wani itace. Ka zaɓi abin da ba ya canjawa. Yawan buhunan da ke rumfa ko launin ƙofa ba abin dogaro ba ne. Ka kuma ba da jimillar amsoshin, misali ka ce in an tara su za a sami 17, don wanda ya ƙirga ba daidai ba ya gane tun kafin ya shiga gonar mutane.

In za ka sa ta a shafin duniya, akwai mai dubawa na sa kai da zai karanta kafin ta fito, kuma ga abin da zai duba. Dole ta yi nisan aƙalla mita 161 daga kowace ajiya. Ba a haƙa rami, ba a binnewa, ba a buga ƙusa a itace. Sai da izinin mai wurin. Ba a talla: ba za ka sa sunan kantin don jawo ciniki ba, ba za ka ce sai an shiga ko sai an sayi wani abu kafin a sami amsa ba. Tarihin ginin kuwa ka rubuta shi yadda ka ji daga bakin Baba, wannan ba talla ba ne. Mu dai a namu ganin, wanda ya jingine kekensa a rumfar dattijo ya sha inuwa, ya kamata ya yi sallama, ya gaisa, ya sayi ko da ruwan leda ne. Ƙa'ida ba ta tilasta shi ba, tarbiyya ce ta tilasta shi.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi. A Turai da Amurka ana koya wa mai nema ya yi sanɗa kada waɗanda ba sa wasan su gan shi. A ƙasarmu wannan shawara tana iya jawo masifa. Mutumin ƙauye da ya ga baƙo ya sauka daga keke, yana waige-waige, ya tura wani abu ƙarƙashin dutse, abu biyu zai kawo a ransa: ko asiri ake binnewa, ko abin fashewa ne. Duka biyun ba zargin wasa ba ne a wannan zamani, kuma yana da gaskiya in ya tara jama'a. Saboda haka a nan ajiya ba ta rayuwa da sirri, da sanin mutanen wurin take rayuwa. Ka fara da Baba. Shi zai kai ka wurin mai gari, ku buɗe robar a gabansa, ya ga takarda da fensir da idonsa. A gaya wa mai gonar da dutsen ke ciki, a gaya wa liman in da hali. Yaran da ke kiwo za su gano ta cikin mako guda ko kun so ko kun ƙi, don haka gara a kira su a nuna musu, su rubuta sunayensu a shafin farko. Yaron da sunansa ke ciki ba ya yarda a sace ta. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma mai kanti shi ne zai ce wa mutane ku bar shi, ɗan wasan nan ne na roba.

Akwai wuraren da izinin mai gari ma ba ya isa. Kada a kusanci barikin soja, ofishin jandarma ko na ƴan sanda, filin jirgi, matatar mai ta SORAZ da bututunta, eriyar tarho, tankin ruwa, gada, makaranta, masallaci ko maƙabarta. Kewayen fadar Sultan ba a yin komai sai an nemi izini daga fada. Kowa ya fita da katin shaidarsa, in jami'in tsaro ya tsayar da kai ka nuna masa wayar da robar ba tare da gardama ba.

TAMBAYA: Na ajiye gwangwanin madara da littafi a ciki kafin damina. Da na koma bayan girbi na tarar ya yi tsatsa, littafin ya zama gari. Wace irin roba ce ke jurewa? Daga wata malama, Mirya.

AMSA: Malama, abokan gaba huɗu ne: ruwa, rana, gara da awaki. Gwangwani yana tsatsa, murfinsa kuma ba ya hana laima. Kwalba tana fashewa ta yanki mai nema. Abin da ya fi shi ne roba mai kauri mai murfin murɗawa, wadda ake ganin cikinta daga waje, don kowa ya ga babu abin tsoro. Ki gwada ta tukuna: sa busasshiyar takarda a ciki, ki murɗa, ki danna ta cikin bokitin ruwa minti goma. In takardar ta yi sanyi, nemi wata.

Kada ki yi amfani da robar da ta taɓa ɗaukar abinci, ko an wanke ta. Ƙamshin man gyaɗa ko na alewa ba ya fita, akuya da ɓera da kiyashi za su bi shi. Saboda wannan dalili ne ba a sa abinci ko turare ko sabulu a ciki. Kuɗi ma kada a sa, ko da ƙwandalar dala biyar ce, don da zarar an ji akwai kuɗi ajiyar ta tafi. Rana tana cin roba har ta yi fari ta riƙa karyewa a hannu, don haka a sa ta a inuwa ta gaskiya, cikin tsagar dutse da ke kallon arewa ko ƙarƙashin faifan dutse. A ɗaga ta daga ƙasa, a ɗora kan tsakuwa, nesa da suri, kuma ba a kwarin da ruwa ke bi ba. Takardar a naɗe ta cikin leda mai zif. Fensir ya fi biro, domin biro yakan bushe ko ya zubar da tawada in zafin watan Afrilu ya haura digiri 40. A jikin murfin ki rubuta da Hausar boko, da ajami, da Faransanci cewa wasa ne, a bar shi a wurinsa.

Wajen girma, shafin ya kasa su huɗu: ƴar mitsitsiya ƙasa da mililita 100, ƙarama har zuwa lita 1, matsakaiciya har lita 20, babba sama da haka. A karkararmu ƙarama ta fi daɗewa. Ki riƙa duba ta sau uku a shekara: kafin ruwan farko, bayan girbi, da ƙarshen hunturu lokacin da rairayi ke rufe abubuwa.

TAMBAYA: Mu takwas ne, muna so mu shirya zagaye na ranar hutu. Kilomita nawa ya dace, kuma yaya za mu yi da ƙaya? Duk fita sai mutum biyu ko uku sun yi faci. Daga shugaban wata ƙungiyar masu keke, Garin Malam.

AMSA: Ranka ya daɗe, ku yi lissafi da lokaci, ba da kilomita ba. A kan jar hanya mai tsakuwa rukuni yakan yi kilomita 12 a awa, a rairayi kuwa rabin haka, wani wuri ma sai turawa. Zagayen kilomita 20 zai ci awa ɗaya da minti 40. Ajiya takwas, kowace minti 10, sun ƙara awa ɗaya da minti 20. Hutu a rumfar kanti rabin awa. In kun tashi ƙarfe 6 da rabi, ƙarfe 10 kuna gida kafin rana ta yi zafi. Ku sa kantin a tsakiyar zagayen don a cika gorar ruwa, ku fita kuna fuskantar iska don ta turo ku a dawowa. A lokacin hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Ku guji babbar hanyar Mirya ranar Lahadi da hanyoyin shiga gari ranar Alhamis da kasuwar Dole ke ci, saboda motoci da amalanke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin wasan. Kowa ya ɗauki aƙalla lita 2 na ruwa.

Yawancin facin ba a kan hanya kuke samunsa ba, a mita 20 na ƙarshe ne, lokacin da mutum ya bi kibiya ya shiga da keke gindin aduwa ko farar ƙaya, ko cikin tsidau. A bar kekuna a bakin hanya, mutum ɗaya ya tsaya da su, sauran su shiga da ƙafa. Kafin a sake hawa kowa ya juya tayarsa ya cire abin da ya maƙale tun bai nutse ba. Tsohuwar roba ta cikin taya, in an tsaga ta an shimfiɗa tsakanin taya da sabuwar, tana tare ƙananan ƙayoyi. Taya mai faɗin inci 2 da iska wajen bar 2 zuwa 2.5 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya) ta fi riƙe rairayi. In iskar ta yi ƙasa da haka kuka hau dutse, bakin ƙarfen zai tsinke robar, za ku ga huda biyu a jere.

Facin da ke ɓallewa kuwa gaggawa ce sanadinsa. A goge wurin da sanfefa har ya daina sheƙi, a shafa sholisho siriri ya fi facin faɗi, a jira minti 5 ya bushe, sannan a manna a danne da ƙarfi minti ɗaya. Kafin a mayar, a bi cikin tayar da tsumma a hankali, domin ƙayar tana nan, kuma ita ce ke sake hudawa bayan mita 100. Kayan rukuni: famfo biyu, faci goma, robar ciki biyu, sifana mai lamba 15 don ƙafa, da filaya. Sarƙa a ɗiga mata mai kaɗan a goge, don mai da yawa ƙura yake tarawa ya ci haƙoran. Waya kuma kada ta zauna a kan kan keke cikin rana, za ta yi zafi ta kashe kanta. A aljihu, a ciro ta a mararraba.

TAMBAYA: Ƴaƴana biyu suna so su bi yayyensu. Hankalina bai kwanta da zura hannu cikin duwatsu ba. Daga wata uwa, Birni.

AMSA: Hajiya, tsoronki a kan hanya yake. Inuwar da roba ke so ita kunama ke so, kububuwa ma tana kwanciya a irin wurin, kogon kuka kuma sau da yawa akwai zuma. Doka ɗaya za ki kafa musu: ba a sa hannu inda ido bai gani ba. A haska da tocila, a taɓa da sanda, a juya dutse ta yadda buɗewar za ta kalli can ba ƙafar mutum ba, kuma da takalmi rufaffe, ba silifa ba. In maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A hana shi tafiya, a cire zobe ko abin hannu, a kai shi asibiti nan take.

Kowace ajiya tana da maki biyu daga tauraro 1 zuwa 5, ɗaya na wuyar ganowa, ɗaya na wuyar wurin. Tauraro 1 na wuri yana nufin mai keken guragu zai isa, 5 kuwa sai da igiya ko wani kayan aiki. Ga yara kada a wuce 2. Da damina, daga shuka har a kai gero rumbu, a dakatar da duk ajiyar da sai an ratsa gona kafin a kai gare ta, mai ita ya ɗauke robar ya sanar da sauran, a mayar bayan girbi.